Gizaka a Shingen Gidanmu

Sunana Mitsue Kurahashi. Ina da shekara saba'in da ɗaya a bazarar da na fara shiga ofishin 'yan sanda a rayuwata, kuma ba a kan komai ba sai a kan tsutsa.

Gidanmu zagaye yake da shingen tsubaki, wani itace mai jan fure, wanda surukina ya dasa tun kafin a kawo ni gidan. Duk watan Afrilu mijina Shigenobu kan ɗauki almakashinsa ya bi shingen nan ganye bayan ganye, yana juya kowanne. In ya ga ƙwan gizaka, tsutsar nan mai gashi, sai ya datse reshen ya tsoma a tafasasshen ruwa. Shekara arba'in da biyar ban taɓa tambayarsa abin da yake yi ba, na ɗauka tsabar rashin iya zama ne. A watan Nuwamba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Afrilu ta zo ta wuce ba wanda ya taɓa shingen.

Ƙarshen watan Mayu na shanya zanin gadonsa a tsakar gida kamar kullum, ya bushe, na shimfiɗa masa. Da gari ya waye na same shi yana nishi yana goga kafaɗa a ƙarfen gado. Na ɗaga rigarsa. Daga wuya har ƙugu jajayen ƙuraje ne, ba wurin da za ka ɗora ɗan yatsa. Inda hannunsa na hagu ya kai ya sosa har ya fid da jini. Inda bai kai ba sai dai hawaye.

Fujie-san, nas ɗin da ke zuwa duba shi sau biyu a mako, kallo ɗaya ta yi masa ta fita waje. Ta ɗaga wani ganye da tsinin lemarta. Ga gizaka nan jere, kai da kai, kamar haƙoran matsefi, sun fi talatin a ganye ɗaya.

"Gashinsu ne," in ji ta. "Ba ya ganuwa, iska ke ɗaukarsa. Ko sun mutu dafin yana nan. Ki rufe tagogi, ki daina shanya a waje, kuma ki rabu da su cikin makon nan."

Na rufe tagogi. Ɗakin ya ɗauki zafi, ya yi ta gumi, gumin kuma yana ƙara masa ƙaiƙayi. Man da likita ya rubuta yakan kwantar da shi na awa biyu, sai sababbin ƙuraje su fito, don duk fitar da zan yi ina dawowa da gashin a tufafina.

Na hau bas na je ofishin gari. A sashen tsabtar muhalli wani saurayi mai farin tabarau ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama, sannan ya jawo wata takarda mai hotuna.

"Kurahashi-san, ki yi haƙuri. Filin gidanki ne, ba na hukuma ba. Ba ma shiga."

"To in yi feshi?"

"Za ki iya. Amma sai kin kai sanarwa a rubuce duk gidan da ke cikin mita talatin, kwana bakwai kafin ranar. Kuma tunda akwai gidan renon yara a bayanku, sai ranar Lahadi. Ranar da ba iska, ba ruwa."

"Ɗana, damina ke shigowa. Wace Lahadi ce za ta zo ba ruwa?"

"Haka dokar garin ta ce."

"In na sare rassan na ƙona fa?"

Ya ɗago kai da sauri. "A'a! Ƙona shara a gida laifi ne, kada ma ki fara. Ki yanka su tsawon santimita hamsin, ki ɗaure. Ɗauri uku kowane gida, Alhamis ta biyu da ta huɗu a wata."

"Shingen nan ya zagaye gida. Ɗauri uku sai yaushe zan gama?"

Ya ba ni lambobin masu gyaran lambu guda huɗu. Na kira su duka a ranar. Shekarar gizaka ce a duk yankin, wanda ya fi kusa ya ce tsakiyar Yuli.

Na zauna na rubuta sanarwa tara da hannuna, na bi gida-gida na saka a akwatunan wasiƙa. Ban gama wanke hannu ba aka danna ƙararrawa. Ayaka Horikoshi ce, matar gidan da ke manne da namu, da cikinta wata bakwai, riƙe da takardata. Ba ta ko cire takalmi ba ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Kurahashi-san, na san ba ni da ikon hana ki. Roƙo na zo."

"Tashi, tashi, ke da wannan nauyi."

"Sau biyu ina yin ɓari. Wannan ne ya fara kai wata bakwai. Tagar ɗakina taku biyu ce daga shingenki."

"Ki tafi gidan iyayenki na kwana biyu mana."

"Suna Kagoshima. Likita ya hana ni ko doguwar tafiya a mota." Ta sa goshi a ƙasa. "Na san an ce maganin ba ya cutarwa in an yi shi daidai. Haka aka ce min game da abubuwa da yawa. Don Allah."

Daga ɗaki ina jin ƙarfen gado yana ƙara, mijina yana goga baya. Na dubi ƙeyar yarinyar nan, siririya, duk jijiya. Na ce mata na fasa. Har yau ban san ko daidai na yi ba.

Sai na koma ga sara. Na sa rigar ruwa, safar hannu biyu, takunkumi, da tabarau na aikin mijina. Kwana uku ina yi da zarto tsakanin ba shi abinci da juya shi da wanke shi, ban ci ko kashi ɗaya cikin huɗu ba. Duk reshen da ya faɗi sai tsutsotsin su zubo kamar yayyafi, suna reto a siraran zarensu irin na gizo-gizo. Wuyana da wuyan hannuwana suka kumbura, idona na hagu ya kusa rufewa. Na auna rassan da ma'aunin ɗinki, na ɗaure uku, na ja su zuwa inda ake tara shara ranar Alhamis ta biyu.

Da tsakar rana Nukui-san, shugaban ƙungiyar unguwa, ya turo min su a baro har ƙofar gida, ya naɗe fuska da tawul. Tsohon direban bas ne, ba a raba shi da zolaya.

"Kurahashi-san, ga jikokinki sun dawo. Sun ce ba su saba da kwanan waje ba."

An manna wa kowane ɗauri rawayar takarda: akwai ƙwari, a sa a leda a ɗaure baki.

Na sa su a ledar shara ta gari. Rassan suka huda ta farko da ta biyu, sai da na ninka uku-uku. Na kai ranar Litinin, ranar sharar da hukuma ke ƙonawa. Da azahar ga baro kuma, da wata rawayar takardar: rassan itace ba sa bin wannan mota, sai Alhamis ta huɗu.

"To Alhamis ɗin za su karɓa a leda?"

Nukui-san ya sosa wuya. "Motar Alhamis ɗauri take ɗauka, ba ta ɗaukar leda. Markaɗe su ake yi a yi taki."

"Ta Litinin ba ta ɗaukar reshe, ta Alhamis ba ta ɗaukar tsutsa. Wa zai ɗauka?"

"Ni ma na tambaya. Sun ce za su duba."

"Sai in cinye su kenan?"

"In kin soya ki aiko min," ya ce, amma bai yi dariya ba, don ya ga idona.

Na gwada cusa su a gangar takin da gari ya raba mana, duk da na san ɓawon kayan miya da busasshen ganye kawai aka yarda a zuba a ciki. Ko ɗauri ɗaya ba ta ɗauke ba. Kashegari na ga tsutsotsin sun biyo ta ramukan iska sun lulluɓe murfin. Fujie-san ta ce ko sun ruɓe a ciki, ƙasar za ta yi ta harbin hannu har baɗi. Na zazzage komai, na tara a bayan gida, na rufa da tamfol, na danne da duwatsu.

Ranar Talata, ashirin da huɗu ga Yuni, da safe na shiga da kunun shinkafa na tarar jikinsa ya yi zafi rau. Wani wuri a cinyarsa da ya sosa ya zama gyambo, yana ruwa. Na juya in ɗauko ma'aunin zafi, sai idona ya faɗa kan taga. Ga tsutsotsin a jikin gilashin ta waje, layi-layi, sun fito daga ƙarƙashin tamfol sun hawo bango.

Wata bakwai ban ji wata kalma sosai daga bakin mijina ba sai "ke" da "a'a". Ranar ya kama rigata da hannun hagu, ya yi ta kokawa da harshensa.

"Mitsue... wuta."

Na san jikinsa yake nufi. Na san haka tun a lokacin, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Amma na ajiye kwanon, na ce, "Baban Noriko, yanzu zan dawo," na fita.

Akwai tsohon durom a rumfar kaya, wanda surukina ke ƙona ganye a ciki tun kafin a hana. Na mirgino shi. Na ɗauko sauran kananzirin hitar da muke ɗumama ɗaki da hunturu. Na cusa rassan da cokalin lambu har ya cika, na kwarara, na ƙyasta ashana. Na ji suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, kuma gaskiya na ji daɗi. Na ce a raina wuta dai ba ta barin komai. Na ƙara wani ɗauri, na ƙara wani.

Ɗanyen reshe ba ya ci, hayaƙi yake yi. Farin hayaƙi mai kauri ya tashi ya tsaya a saman rufinmu, sai iska ta kaɗa shi ta bayan gida. Ranar ce karon farko da rana ta fito sosai a makon, malaman gidan reno sun cika wa yara kwamin roba da ruwa a fili. Ina jin dariyarsu tun da na fito, ban sa a zuciya ba. Yara sha tara, daga su sai ɗan kamfai.

Dariyar ta koma tari, tarin ya koma kuka. Wata malama ta leƙo ta kan katanga, riƙe da yarinya a kafaɗa.

"Me kike ƙonawa? Baiwar Allah, me kike ƙonawa?"

Na ɗauko tiyo na sakar wa durom ɗin ruwa. Sai ya tashi da tururi da toka, ya ƙara bin iskar. Ina tsaye da tiyon a hannu har motar 'yan kwana-kwana ta shigo layinmu, motar 'yan sanda na bin ta. Wani babba a cikinsu ya leƙa durom ɗin ya ja da baya.

"Gizaka kika ƙona? Kaka, ba a ƙona su a fili. Zafin ne ke ɗaga gashin sama ya watsa."

Ba wanda ya taɓa gaya min haka. An dai ce laifi ne.

Yara goma sha ɗaya suka yi ƙuraje. Biyu aka kai asibiti, idanunsu sun kumbura sun rufe. Ayaka ma aka tafi da ita a duba, don ta shaƙi hayaƙin ta firgita, cikin ya fara murɗa mata.

Ɗan sandan da ya ɗauki bayanina mutum ne mai ladabi, har shayi ya kawo min. Ya tambayi ƙarfe nawa na kunna, da me, ko na san an hana. Na ce na sani. Na gaya masa maganar motar Litinin da ta Alhamis, ya rubuta duka, ya sake karanta min.

"Yallaɓai, ka bar ni in tafi. Ƙarfe biyu ake juya shi. In ba a juya shi ba bayansa zai yi gyambo."

"An kula da wannan, Kurahashi-san. Nas ɗinku ta zo. An kai shi asibiti saboda zazzaɓin, daga nan za a wuce da shi gidan kula da tsofaffi na ɗan lokaci."

"Wa ya ce a kai shi? Ba ya cin abinci a hannun kowa!"

"Ki sa hatiminki a nan."

Na dawo da la'asar na tarar da gado ba kowa, kwanon kunun yana inda na ajiye shi.

Kwana biyu bayan haka, mota ta tsaya a ƙofarmu da mutum shida cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa. Suka fesa wa shingen wani abu mai danƙo da ke manne gashin, ba maganin ƙwari ba ne, ko wari ba ya yi. Suka sare shingen daga tushe, suka naɗe a manyan buhuna, suka kwashe har abin da ke ƙarƙashin tamfol da gangar takin. Kafin azahar sun gama. Saurayin nan mai farin tabarau yana tsaye a titi da allon rubutu. Na je na tsaya gabansa.

"Ashe kuna iya zuwa."

Ya sunkuyar da kai. "Yanzu ya zama maganar lafiyar jama'a, Kurahashi-san. Wannan sashe dabam ne na dokar."

"Da na san sai yara sun ji ciwo za ku zo..."

"Na kai wa manyanmu maganar motocin sharar tun ranar da Nukui-san ya kira," ya ce a hankali. "Sun sa ta a taron watan gobe."

Ban haƙuri ya ɗauke ni kwana huɗu. Na sayi kwalin alewar wake goma sha biyu. Nukui-san ya zo da baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza ya ce zai raka ni.

"Ba sai ka wahala ba."

"Ni na turo miki su a baro har sau biyu. Mu je. Kuma ke ba ki san gidajen ba."

Wasu suka karɓa suka ce ya wuce. Wasu suka karɓa suka koma ciki. Uwar ɗaya daga cikin yaran da aka kwantar ta fito da shi a hannu, ta juyo min fuskarsa.

"Dube shi. Dube shi da kyau. Ke ba ki haifa ba ne?"

Na duƙa har ƙasa. Nukui-san ya fara cewa, "Mijinta ne ba shi da—" ta katse shi.

"In ba za ta iya da gidan ba, ta bar wa masu iyawa. Ku tafi da kwalinku."

A gidan Horikoshi mijin ne ya buɗe. Ya ce cikin ya lafa, an ce ta kwanta kawai. Daga ciki na ji muryarta tana cewa a shigo da ni, ya yi kamar bai ji ba, ya karɓi kwalin ya rufe ƙofa. Ta haifi 'ya mace a watan Agusta, lafiya lau. A titi na ji.

Masu gabatar da ƙara ba su kai ni kotu ba, saboda shekaruna da kuma bayanin da Nukui-san da Fujie-san suka rubuta. Na ɗauka shi kenan, sai a dawo min da mijina. Ranar da aka kira taro a gidan tsofaffin, 'yata Noriko ta zo daga Sendai. Ta zauna ɓangaren ma'aikatan, ba ɓangarena ba.

"Mama, kin bar shi da zazzaɓi kin fita kin kunna wuta taku biyar daga tagarsa."

"Saboda shi na kunna."

"Na sani. Shi ya sa nake tsoro."

"Shingen ya tafi. Ba sauran tsutsa. Me kuma ya rage?"

"Ke kika rage, Mama. Me ya hana ki kira ni?"

"Kina da aiki, kina da yara."

Ta rufe fuska da hannu. Shugabar wurin ta ce za a sake duba maganar a watan Oktoba. Oktoba ta zo aka ce sai bayan hunturu, don gidanmu da sanyi.

Bas biyu nake hawa in je wurinsa, Talata da Juma'a. Fatarsa ta warke sumul, ya ɗan yi ƙiba ma, ashe yana ci a hannun wasu. Ɗakinsu mutum huɗu ne. Nakan tafi da rezarsa ta gida in yi masa aski, don masu aikin da inji suke yi, suna barin gashi a ƙarƙashin haɓa. Yakan lumshe ido ina yi. Ya koyi wata sabuwar kalma a can, ita yake faɗa min duk zuwa.

"Gida."

"An ce sai sanyi ya wuce, Baban Noriko."

"Gida."

Bas na ƙarshe da ke haɗa ni da na garinmu ƙarfe huɗu da minti goma yake tashi. Da na fara naɗe tawul sai ya kama hannun rigata da hagunsa. Hannun nan ya yi ƙarfi tun da ɗayan ya mutu. Ma'aikaciya takan zo ta ce bari ta taimaka, in ce mata a'a. Ni nake ɓamɓare yatsun da kaina, ɗaya bayan ɗaya, in ɗora hannun a kan bargo, in fita da sauri kafin ya sake kamawa.